Abin da ƙasa ta haɗiye tun zamanin da, yana dawowa ta bakin duwatsu masu aman wuta

A shekarar 2005 wani jirgin ruwa na bincike ya kewaya tsibiran Samowa, can tsakiyar Tekun Fasifik, yana zura wani ƙaton kwandon ƙarfe zuwa ƙasan teku yana jawo shi. Kwandon na fitowa da baƙaƙen duwatsu, irin waɗanda in ka ci karo da su a hanya ba za ka waiwaya ba. Narkakken dutse ne da ya ɓullo daga cikin ƙasa ya daskare ƙarƙashin ruwa, a gindin tsibirin Savai'i, shekaru kusan miliyan 5 da suka wuce.

Da aka kai su ɗakin bincike a Amurka aka auna, sai aka tarar suna ɗauke da shaidar ƙasar tudu, wato ta yashi da laka irin waɗanda kogi ke kwasowa daga bayan nahiya. Alhali Samowa tsibirai ne da suka tsiro daga ƙasan teku, babu wata nahiya a kusa da su. A 2007 Matthew Jackson da Stanley Hart da abokan aikinsu suka wallafa bayaninsu a mujallar Nature. A cewarsu, ruwa ne ya zaizaye wata tsohuwar nahiya, lakarta ta gangara teku, ƙasa ta haɗiye ta, ta daɗe a can ciki, daga bisani ta dawo sama a narke.

Ta yaya mutum zai dubi baƙin dutse ya karanto wannan dogon labari? Amsar na cikin wani abu da ɗan Nijar ya fi mutane da yawa jin sunansa: uraniyom. Amma kafin nan sai mun leƙa cikin ƙasar tukuna.

Ɓawo, tsoka da ƙwallo

A ɗauki duniya kamar mangwaro. Ɓawon shi ne wanda muke takawa. Kaurinsa kilomita 30 zuwa 50 a ƙarƙashin nahiyoyi, kilomita 7 kacal a ƙarƙashin teku. Ƙwallon da ke tsakiya ƙarfe ne. Tsakaninsu kuwa akwai tsokar, wadda ta kai zurfin kilomita 2900, kuma ita ce ta cinye sama da kashi 80 cikin 100 na girman duniya. Ba wanda ya taɓa ganinta a mazauninta. Rijiya mafi zurfi da Rashawa suka haƙa a yankin Kola ta tsaya a kilomita 12 da ɗoriya, ko ɓawon ba ta huda ba.

Mutane da yawa na ɗauka tsokar nan ruwan wuta ce. Dutse ne daskararre, sai dai zafi ya sa yana motsi a hankali, santimita ƴan kaɗan a shekara, kamar tsirar farce. Ɓawon da ke kansa a tsattsage yake zuwa manyan faya-fayai da ke tafiya. A tsakiyar tekuna faya-fayan na rabuwa, sabon ɓawo na fitowa. A wasu gaɓoɓin tekun kuma, kamar Japan da Cile da Indunusiya, wani faifai na kutsawa ƙarƙashin wani ya nitse cikin tsokar, da duk lakar da ta taru a bayansa. Mafi yawan duwatsu masu aman wuta a waɗannan iyakoki suke.

Hawai ta ƙi bin wannan doka. Tana tsakiyar faifai, nesa da kowace iyaka, amma wuta ba ta daina fita ba: a 2018 dutsen Kilauea ya cinye gidaje sama da 700, a 2022 Mauna Loa ya sake farkawa. A 1963 masanin Kanada J. Tuzo Wilson ya lura cewa tsibiran a jere suke, kuma in kana tafiya arewa maso yamma sai ƙara tsufa suke. Ya ce akwai wani murhu a can ƙasa da ba ya motsi, faifan teku ne ke wucewa ta kansa, duk inda ya zo saiti sai wuta ta huda shi ta gina tsibiri. A 1971 W. Jason Morgan ya ƙara da cewa murhun nan wani ginshiƙi ne na zazzafan dutse da ke tasowa daga can ƙurya. In ya matso sama, nauyin da ke danne shi ya ragu, sai wani ɓangarensa ya narke. Idan haka ne, to narkakken dutsen Hawai da Samowa da Tahiti da Reyiniyon saƙo ne daga wurin da haƙa ba za ta taɓa kaiwa ba.

Agogon da ke cikin dutse

Uraniyom ɗin da ake tonowa a Arlit, a ido iri ɗaya ne, amma ƙwayoyin zarrarsa ba nauyinsu ɗaya ba. Sama da kashi 99 cikin 100 mai lamba 238 ne, kashi 0.7 kacal ne mai lamba 235, wanda shi ne tashoshin nukiliya ke nema. Irin waɗannan ƴan gida ɗaya masu bambancin nauyi su ake kira izotof. Dukansu biyu ba sa dawwama, a hankali suke rikiɗa su koma dalma. Rabin mai lamba 238 na komawa dalma mai lamba 206 a cikin shekaru miliyar 4.47. Akwai kuma dalma mai lamba 204, wadda ba uraniyom ne ya haife ta ba, yadda take tun farko haka take, ba ta ƙaruwa. Saboda haka in aka gwada yawan ta 206 a kan ta 204 a cikin dutse, za a gane ko asalinsa ya daɗe zaune da uraniyom mai yawa ko kaɗan. Da irin wannan awon dalma ne Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, miliyar 4.55.

Akwai wasu agogunan. Sinadarin rubidiyom mai lamba 87 na komawa sitironsiyom mai lamba 87, amma da nawa ƙwarai, sai shekaru kusan miliyar 49 rabinsa ke rikiɗa. Samariyom shi ma na komawa neyodim. Abin da ya ba awon ƙarfi shi ne narkewar dutse ba ta canza wannan lissafi. Ko ya narke ko ya daskare, yawan sitironsiyom 87 a kan 86 na nan yadda yake a inda ya fito. Kamar zanen fuska ne, duk inda mutum ya je da shi zai je.

Duk wanda ya taɓa ganin matan Maraɗi na matsar gyaɗa zai gane mataki na gaba. In aka matse, mai ya fita, sai a bar tunkuza. Haka tsokar duniya take in ta narke kaɗan: wasu sinadarai, irin su rubidiyom da uraniyom da toriyom, su ne ke fara gudu su bi narkakken dutsen zuwa sama. Shekaru miliyoyi ana wannan matsa, man ya taru ya zama nahiyoyi, saman tsokar ya koma tunkuza. Shi ya sa narkakken dutsen da ke fita a tsakiyar tekuna, wanda daga wannan tatsattsiyar tsoka yake, awon sitironsiyom ɗinsa bai cika wuce 0.703 ba. Tsohuwar ƙasar tudu kuwa, da ta daɗe da rubidiyom a jikinta, tana kaiwa 0.720, har ma fiye. Mai karatu zai ce ai bambancin bai taka kara ya karya ba. Na'urorin da ke wannan awo suna rarrabe lamba ta biyar bayan ɗigo, don haka a wurinsu tazarar kamar daga Yamai zuwa Bilma ce.

Duwatsun Savai'i sun haura 0.720. A lokacin ba a taɓa auna irin wannan ba a wani tsibirin tsakiyar teku.

Tuwon da bai tuƙu ba

Tun 1964 aka fara jin ƙamshin lamarin, lokacin da Paul Gast da George Tilton da Carl Hedge suka auna duwatsun tsibiran Ascension da Gough a Tekun Atlantika suka ga dalmarsu da sitironsiyom ɗinsu sun saɓa. Ashe tsokar duniya ba gauraye take sumul ba. Tuwo ne da aka yi shekaru miliyar 4 da rabi ana tuƙawa, amma har yau da gudaji a ciki.

A 1982 Albrecht Hofmann da William White suka kawo shawarar da ta sauya fannin baki ɗaya. Suka ce gudajin nan tsohon ɓawon teku ne da ya nitse, ya sauka har kusa da ƙwallon duniya, ya yi shekaru miliyar ɗaya ko biyu yana ɗumama, sannan ya taso cikin ginshiƙan zafi. A 1986 Alan Zindler da Stanley Hart suka tattara awon tsibirai masu yawa suka nuna cewa kusan dukkansu ana iya bayyana su a matsayin cakuɗar ƴan sinadarai ƙalilan. Ɗaya ita ce tatsattsiyar tsokar da muka ambata. Sauran ukun sun sa musu sunaye da haruffan Turanci waɗanda har yau da su ake amfani: HIMU, EM1 da EM2. EM na nufin wadatacciyar tsoka, wato wadda aka mayar wa da man da aka matse.

HIMU ita ce mai dalma 206 fiye da kima. A tsakiyar teku awon na kusa da 18, a nan kuwa ya haura 20. Ana samunta a Santa Helena, tsibirin da Ingila ta tsare Napoleon har ya mutu a 1821, da kuma Mangaia a tsibiran Cook. Bayanin da aka fi yarda da shi: in ɓawon teku na nitsewa, zafi na matse ruwan da ke jikinsa, ruwan ya tafi da dalma mai yawa ya bar uraniyom. Uraniyom ɗin da ya rage sai ya yi ta haifar sabuwar dalma shekara da shekaru.

EM2 ita ce ta Samowa da Tahiti, mai sitironsiyom 87 da yawa. EM1 kuma ta tsibirin Pitcairn ce, wanda mazaunansa ba su kai 100 ba, da Tristan da Cunha a kudancin Atlantika. Ita sitironsiyom ɗinta matsakaici ne, dalma 206 kuwa kaɗan. A kan asalin waɗannan biyun ne gardama ta fi zafi.

Wasu sun ce lakar teku ce da ta nitse tare da faifai. Wasu sun ce gindin nahiya ne ya ɓantare ya faɗa ciki, musamman lokacin da Afirka da Kudancin Amurka ke rabuwa, kuma wannan bayani na da ƙarfi ga duwatsun kudancin Atlantika. Wasu kuma sun ce ba sai an kawo komai daga sama ba: ƴan narkakkun ɗigo-ɗigo masu wadata na iya tsiyaya cikin gindin faifan teku su jiƙa shi, in ya nitse ya daɗe sai ya yi kama da EM. Abin da ke burge ni shi ne wannan bayani na uku, su Hart da Jackson ɗin nan ne da kansu suka ba shi game da Samowa a 2004, a wani aiki da Rhea Workman ta jagoranta. Shekara ɗaya bayan haka kwandon ƙarfe ya fito da duwatsun Savai'i, lissafinsu na farko ya kasa ɗaukar sabon awon, suka sake magana. A fannin da mutum ke iya kare ra'ayi ɗaya har ya yi furfura, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

An yi musu tambaya mai ma'ana. Kwazazzabon Tonga, inda faifan Fasifik ke nitsewa a yau, yana dab da Samowa. Me zai hana a ce lakar jiya-jiya ce ta zagayo ta gajeriyar hanya? Da aka auna shekarun duwatsun aka samu kusan miliyan 5, sai tambayar ta yi rauni, domin a wancan lokaci kwazazzabon na can yamma da nisan sama da kilomita 1000.

Hujjar da ta fi kowace ban mamaki daga farar wuta ta zo. Kafin shekaru kusan miliyar 2.4 da suka wuce, babu iskar oksijin ta kirki a sararin duniya, babu kuma rufin ozon da ke tare zafafan hasken rana. Hasken na dukan hayaƙin farar wuta a sama ya bar wata alama ta musamman a izotof ɗinta. Da oksijin ta yawaita sai alamar ta daina samuwa, kuma a cikin ƙasa ba a yin ta, sai a sarari. A 2013 Rita Cabral da abokan aikinta suka sanar da samun wannan alama a cikin ƴan mitsi-mitsin ƙwayoyi da ke kulle cikin duwatsun Mangaia, duwatsun da shekarunsu ba su wuce miliyan 20 ba. A 2016 Hélène Delavault da Catherine Chauvel na Faransa da abokansu suka ba da rahoton irinta a Pitcairn. Ma'ana, farar wutar nan ta taɓa shan rana a wata duniya da mutum ba zai iya numfashi a cikinta ba, ta nitse, ta yi sama da shekaru miliyar 2 a ɓoye, tuƙin tuwon bai narkar da ita ba. Duwatsun Samowa da aka auna ba su nuna alamar ba, abin da ke nuna lakarsu ba ta kai wancan tsufa ba.

A ina gudajin ke fakewa tsawon wannan lokaci? Masu nazarin girgizar ƙasa sun gano wasu manyan tarin abubuwa guda biyu a can gindin tsokar, kowanne girman nahiya, inda igiyar girgiza ke rage gudu. Ɗaya na ƙarƙashin Fasifik, ɗaya ƙarƙashin Afirka, kuma murahu da dama na saitin gefensu. Tun 1984 Hart ya lura cewa wadatacciyar tsoka ta fi yawa a kudancin duniya, ya kira yankin DUPAL, daga sunayen Faransawa biyu, Bernard Dupré da Claude Allègre. Allègre ɗin nan shi ne ya zama ministan ilimin Faransa daga 1997 zuwa 2000.

Namu duwatsun fa?

Sahara ba ta rasa nata ba. Akwai Ahaggar a kudancin Aljeriya, akwai Tibesti a Cadi, inda Emi Kusi ya kai tsayin mita 3415, ga kuma wani ƙaton rami na aman wuta da kanwa ta rufe gindinsa fari fat. A kudancin Abzin akwai filin Todra mai tsofaffin bakunan wuta sama da 100, kuma ruwan zafin Tafadek da mutane ke zuwa wanka daga Agadas na nan yana ɓuɓɓuga. Su Allègre da Dupré sun auna izotof ɗin duwatsun Ahaggar tun 1981, suka ga sun yi kama da na tsibiran teku, duk da cewa a tsakiyar nahiya suke.

To amma kama a izotof ba ita ce hujjar murhu ba, kuma a nan ne duwatsun Afirka suka zame wa masana ƙarfen ƙafa. Dubi jerin duwatsun Kamaru, mai tsawon kilomita kusan 1600, daga tsibirin Annobon ta Sawo Tome da Biyoko da Dutsen Kamaru zuwa Adamawa da tudun Biu a Najeriya. A 1985 Godfrey Fitton da H. M. Dunlop suka nuna cewa ɓangaren teku da na tudu kusan sinadari ɗaya gare su, wato daga ƙarƙashin faifan suke shan ruwa. Dalmarsu na karkata wajen HIMU, kamar Santa Helena. Sai dai babu jerin tsufa irin na Hawai, wuta na tashi nan da can ba tsari. Kuma a raye jerin yake: Dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, sannan a daren 21 ga Agustan 1986 iskar da ta taru a tafkin Nyos ta fashe ta kashe mutum sama da 1700, cikinsu da Fulani makiyaya da dabbobinsu dubbai. Iskar nan daga narkakken dutsen da ke ƙasa take tsiyayowa, kuma awon izotof na cikin abubuwan da suka tabbatar da haka.

Game da Ahaggar da Abzin, Jean-Paul Liégeois na Beljiyam da abokan aikinsa sun ce a 2005 ba a buƙatar ginshiƙi daga ƙurya. A ganinsu karon da Afirka ke yi da Turai ne ke motsa tsofaffin tsagogin da ke cikin ƙasar, zafi ya samu hanyar hawa. Wasu masanan har yau suna riƙe da murhu. Ni dai bayanin tsagogin ya fi kwanta mini, domin faifan Afirka ba ya gudu kamar na Fasifik, kuma bakunan wutar na bin layukan tsagogin da aka riga aka sani.

Abin da ya fi kama da jerin Hawai a wannan yanki ya girmi waɗannan duka. Manyan duwatsun Abzin masu siffar zobe, irin su Bagzan, gindayen tsofaffin duwatsun wuta ne da iska da ruwa suka cinye samansu, kuma shekarunsu sun haura miliyan 400. In ka gangaro kudu zuwa Damagaram da Muniyo, wajen Gure, irinsu na da shekaru kusan miliyan 300. In ka ƙetara zuwa Najeriya, har da tudun Jos inda aka yi haƙar kuza, sai ka same su tsakanin miliyan 210 da 140. Daga arewa zuwa kudu ƙuruciya suke ƙarawa. Wasu na ganin sawun murhu ne da nahiyar ta ratsa ta kansa, wasu na cewa tsaga ce ta yi ta buɗewa sannu a hankali zuwa kudu.

Awon da muka ambata a wannan rubutu, daga na Gast a 1964 zuwa na Pitcairn, a ɗakunan binciken Amurka da Turai aka yi su. Aikin na buƙatar na'ura mai tsada, da wutar lantarki marar yankewa, da ɗaki mai tsabtar da ko ƙura ba ta shiga, domin ɗigon dalma daga iska ya isa ya ɓata sakamako. Duk wanda ya san hazon hunturu ya san wannan ba wasa ba ne a wurinmu. Amma aikin da ɗan guntun dutse ake yinsa, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, kuma mataki na farko shi ne sanin inda za a ɗauko shi da abin da ke kewaye da shi. Ana koyar da ilimin duwatsu a Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai, kuma daga Agadas zuwa Todra ba sai da jirgin ruwa da kwandon ƙarfe ba.